Daga Zauren Bakin Teku Zuwa Dreamland: Tarihin Wani Dandalin Shaƙatawa a Ingila da Yadda Aka Farfaɗo da Shi

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar kayan tarihi, abin da yakan fara zuwa a zuciya shi ne fadoji da ganuwa da wuraren ibada da fagagen yaƙi. Ba a cika tunawa da wuraren da talakawa suke zuwa su kashe 'yan kuɗinsu ranar hutu ba, alhali kuwa irin waɗannan wurare sukan nuna halin da al'umma take ciki ta fuskar arziki da sufuri da dokokin aiki da kuma dangantakar maza da mata. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, wato Dreamland, wani dandalin shaƙatawa da ke bakin teku a garin Margate, cikin lardin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila. Za a duba asalinsa a matsayin zauren rawa cikin 1867, da bunƙasarsa, da durƙushewarsa, da kuma gwagwarmayar da ta kai ga sake buɗe shi cikin 2015.

Akwai buƙatar a fayyace wasu kalmomi tun daga farko. An yi amfani da "dandali" da ma'anar fili mai shinge wanda aka tanadi kayan wasa a cikinsa, ana shiga ko ana hawa da kuɗi. "Zauren rawa" kuwa shi ne babban ɗaki mai daɓen katako inda makaɗa suke zama a kan dakali, jama'a suna rawa bibbiyu. Shi kuma "jirgin hawa-da-gangara" wasu 'yan taragai ne da ake ja zuwa ƙololuwar wata gada mai tuddai da kwaruruka, sannan a sake su su gangaro da nauyinsu.

Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, doka ta ceci wannan fili ne saboda wani tsohon jirgin katako da ke cikinsa, amma abin da ya riƙe wurin bayan an cece shi, shi ne sana'ar da aka kafa shi a kanta tun farko, wato kiɗa da rawa.

2.0 Garin Margate da Al'adar Zuwa Bakin Teku

Margate tana kimanin kilomita 120 gabas da birnin Landan, a gundumar Thanet, daura da inda Kogin Thames yake shiga teku. Asalinta ƙauyen masunta ne da 'yar tashar jiragen ruwa. Abin da ya sauya ta shi ne wani ra'ayi da ya bazu tsakanin likitocin Ingila a tsakiyar ƙarni na 18, cewa wanka da ruwan teku, har ma da shansa, magani ne. Littafin da likita Richard Russell ya wallafa a kan wannan batu cikin 1750 ya sa masu hannu da shuni suka fara tururuwa zuwa gaɓar teku. Da yake kunya ba ta barin mutane su tuɓe a bainar jama'a, sai aka ƙirƙiro wani ɗan ɗakin katako mai ƙafafun amalanke, doki yana jansa har cikin ruwa. Wani mutumin Margate mai suna Benjamin Beale shi ne ya ƙara masa rumfar tamfol daga baya, yadda mai wanka zai shiga ruwa ba tare da an gan shi ba. Cikin 1791 kuma aka kafa asibitin wankan teku a garin, domin jinyar talakawa masu fama da wasu nau'o'in tarin fuka.

Sufuri ne ya mayar da wannan al'ada ta masu kuɗi ta zama ta kowa. Da farko da jiragen ruwa masu filafilai ake zuwa daga Landan, tafiyar da tsawonta ya danganta da iska. Daga 1815 jiragen ruwa masu tururi suka fara jigila, sannan jirgin ƙasa ya iso cikin 1846. Bugu da ƙari, dokar ranakun hutu ta 1871 ta ba akawuna da ma'aikatan kantuna da na masana'antu wasu ranaku a shekara waɗanda suke nasu ne. Mutumin da yake da hutun yini ɗaya da 'yan sulalla a aljihu ba jinya ta kawo shi bakin teku ba. Abin da yake nema shi ne inda zai ci abinci, ya yi kallo, ya saurari kiɗa, kafin jirgin yamma ya tashi. Wannan buƙata ce ta haifar da wurin da ake magana a kansa.

3.0 Zauren Bakin Teku: 1867 Zuwa 1919

Filin da Dreamland yake a kai fadama ce a da, wadda ruwan gishiri yake malalowa cikinta idan teku ta kawo, har sai da aka yi mata bangon tare ruwa a farkon ƙarni na 19. A farkon shekarun 1860 wani kamfanin jirgin ƙasa na biyu ya gina tasha a bakin wannan fili, amma shirin kai layin dogo cikinta bai tabbata ba, ginin ya zauna haka nan babu kowa. Cikin 1867 wasu 'yan kasuwa biyu, Felix Spiers da Christopher Pond, waɗanda suka yi suna wajen sayar da abinci a tashoshin jiragen ƙasa, suka karɓi ginin suka mayar da shi wurin cin abinci da kiɗa da rawa. Suka raɗa masa suna Hall by the Sea, wato Zauren Bakin Teku. Ke nan kafin a kafa ko da lilo ɗaya a wannan fili, an riga an shimfiɗa daɓen rawa.

Kasuwar ba ta karɓi Spiers da Pond ba, saboda haka cikin 1870 iyalin Reeve na garin Margate suka saye ginin, suka kuma riƙa haɗawa da fadamar da ke bayansa. Thomas Dalby Reeve, wanda ya riƙe muƙamin magajin gari, ya yi tarayya da George Sanger, wani mashahurin mai yawo gari-gari da tanti yana nuna wasannin dawaki da namun daji da 'yan tsalle-tsalle. Da Reeve ya rasu cikin 1875 sai wurin ya koma hannun Sanger shi kaɗai.

Sanger ne ya mayar da fadamar lambu. Ya haƙa tafki, ya kafa gumaka, ya gina wani kango na ƙarya mai kama da tsohon gidan ibada domin ƙawa, ya kuma jera kejin namun daji a jikin bangon lambun. Wasu daga cikin waɗannan keji suna nan, an kuma sanya su cikin rajistar gine-ginen tarihi. Cikin 1880 aka kafa na'urar wasa ta farko, wasu 'yan jiragen ruwa da injin tururi yake girgizawa kamar suna kan igiyar teku. Cikin 1893 kuma aka gina filin zamiya da takalma masu taya.

Duk da waɗannan ƙare-ƙare, zauren shi ne cibiyar kasuwar. Da rana iyalai su zaga lambu su kalli zakuna, da dare kuma matasa su cika zaure ana taka rawar wals da folka. Muhimmancin wannan a zamanin Sarauniya Biktoriya ba ƙarami ba ne, domin wuraren da saurayi da budurwa 'ya'yan talakawa za su haɗu a fili ba tare da an zarge su ba 'yan kaɗan ne. Zauren rawa mai tikiti, mai kuma jami'in da yake tsara rawa yana tsawatarwa, ya zama ɗaya daga cikinsu.

Sanger ya yi murabus cikin 1905, wurin ya koma hannun surukinsa Arthur Reeve. Cikin 1911 wani tsohon ma'aikacinsa ya kashe shi a gonarsa da ke arewacin Landan, aka kawo gawarsa Margate aka binne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin 1919, aka sayar da wurin ga John Henry Iles a kan fam 40,000.

4.0 Zamanin Bunƙasa: 1920 Zuwa Shekarun 1960

4.1 Sabon Suna da Jirgin Katako

Iles ya san Amurka, ya kuma ga yadda ake tafiyar da dandalan Coney Island a birnin New York. Kafin ya zo Margate ya riga ya sa hannu wajen kafa irinsu a birane da dama, ciki har da Alƙahira. Sunan Dreamland, wanda za a iya fassarawa da "Ƙasar Mafarki", aro ne daga wani dandali na Coney Island da aka buɗe cikin 1904, gobara ta cinye shi cikin 1911. Da wannan suna aka buɗe wurin cikin 1920.

Babban abin da Iles ya kawo shi ne jirgin hawa-da-gangara mai suna Scenic Railway, wanda ya sayi izinin gina irinsa a Turai daga wajen Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi, LaMarcus Adna Thompson. Da katako aka gina gadar, tsayinta kimanin mita 12. Igiyar ƙarfe ce take jan taragan zuwa sama, daga nan sai nauyinsu ya tafi da su. Da yake babu tayoyin da suke riƙe taragan ta ƙarƙashin layi kamar yadda ake yi wa jiragen da aka ƙera daga baya, dole ne wani ma'aikaci ya zauna a tsakiyar jirgin riƙe da birki, yana rage gudu a kan tuddai da kwanoni gwargwadon nauyin fasinja da kuma jiƙewar layi. Rayukan mahaya suna hannun wannan mai birki. A kakarsa ta farko jirgin ya ɗauki mutane kusan rabin miliyan. Gobara ta taɓa shi cikin 1949 da 1957, a kowane karo kuma aka sake gina abin da ya ƙone.

4.2 Zauren Rawa da Gidan Silima

A shekarar da aka buɗe jirgin, a ita ce aka gina sabon zauren rawa a inda filin zamiya yake. Wannan ya zo daidai da lokacin da rawa ta zama babbar sana'a a Birtaniya. Bayan yaƙi, kaɗe-kaɗen Amurka sun shigo da sababbin salon taka rawa irin su fokstirot da rawar Charleston, manyan zaurukan rawa masu sauƙin kuɗin shiga kuma suka bazu a birane, musamman bayan buɗe na unguwar Hammersmith a Landan cikin 1919. Ga mai dandali, zauren rawa yana da wata fa'ida da jirgin katako ba shi da ita: ruwan sama ba ya hana shi aiki, kuma ana iya buɗe shi cikin hunturu domin mutanen gari bayan baƙi sun watse.

Cikin 1935 aka buɗe katafaren gidan silima a fuskar dandalin da ke kallon teku, a gurbin tsohon ginin Zauren Bakin Teku. Julian Leathart da W. F. Granger ne suka zana shi bisa salon gidajen silima na Jamus na lokacin, da wata doguwar hasumiya siririya mai ɗauke da sunan wurin cikin fitilu. Yana da kujeru fiye da 2,000. Shi kansa Iles ya karye cikin 1938 saboda asarar da ya yi a harkar shirya fina-finai, ɗansa Eric ya ci gaba da kula da wurin.

4.3 Yaƙi da Bayansa

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnati ta karɓe dandalin. A lokacin kwaso sojojin ƙawance daga Dunkirk cikin watannin Mayu da Yuni na 1940, fiye da soja 46,000 aka sauke a Margate, aka mayar da zauren rawa da ɗakunan cin abinci na Dreamland wuraren karɓarsu da jinyar masu rauni. An sake buɗe wurin cikin 1946, Billy Butlin, mai sansanonin hutu, ya zuba jari a ciki.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar garuruwan bakin teku na Ingila. Dokar hutu da albashi ta 1938 ta fara aiki sosai bayan yaƙi, ga aikin yi ya wadata, ga shi kuma fita ƙasashen waje ya fi ƙarfin ma'aikaci. Ba kowa ne yake kallon wannan cinkoso da idon rahama ba. Cikin 1953 Lindsay Anderson ya ɗauki wani gajeren fim mai suna O Dreamland, inda ya nuna wurin a matsayin kasuwar nishaɗi mara daraja. Zauren rawa kuwa ya bi zamani: da salon rawar bibbiyu ya fara ja da baya, sai ya koma karɓar ƙungiyoyin mawaƙan matasa, har The Rolling Stones da The Who suka yi wasa a cikinsa a shekarun 1960.

5.0 Dalilan Durƙushewa

Ba rana ɗaya Dreamland ya faɗi ba, kuma ciwonsa ciwon garin ne baki ɗaya. Dalili na farko shi ne jirgin sama. Daga shekarun 1960 kamfanonin yawon buɗe ido suka fara haɗa kuɗin jirgi da na masauki a farashi ɗaya mai rahusa zuwa gaɓar tekun Sifen, inda ake da tabbacin samun rana. Iyalin da suka saba yin mako guda a Margate suka koma can. Na biyu, yawaitar motoci ta sa waɗanda suka rage suna zuwa da safe su koma da yamma, ba sa kama ɗaki. Na uku, talabijin da ƙananan gidajen rawa masu amfani da faifai sun kwashe wa manyan zauruka jama'a. Sunan garin ma ya ɓaci bayan faɗan da aka gwabza a bakin tekunsa cikin watan Mayu na 1964 tsakanin wasu rukunoni biyu na matasa masu babura, Mods da Rockers. Cikin Janairun 1978 kuma guguwa ta rushe doguwar gadar da jiragen ruwa suke tsayawa a jikinta.

Otal-otal da gidajen baƙi da suka rasa ciniki sai aka rarraba su ɗaki-ɗaki ana ba marasa galihu haya, har wasu unguwannin Margate suka shiga sahun mafiya talauci a kudancin Ingila.

Cikin 1981 wasu 'yan'uwa 'yan ƙasar Holan, iyalin Bembom, suka sayi dandalin. Suka sauya masa suna, suka kawo manyan na'urori na ƙarfe, suka kuma shigo da tsarin biyan kuɗi sau ɗaya a ƙofa. Wannan ya ɗaga wurin na wasu shekaru, cikin 1990 kuma aka mayar masa da tsohon sunansa. Cikin 1996 ya koma hannun wani ɗan kasuwa mai suna Jimmy Godden. A zamaninsa aka riƙa cire manyan na'urorin ana sayarwa, ciki har da ƙaton lilo mai siffar taya wanda ake hangowa daga nesa, wanda aka kai ƙasar Meziko. A farkon 2003 aka bayyana cewa za a rufe dandalin a mayar da filin wurin kantuna da harkokin kasuwanci. Lissafin a fili yake: fili mai faɗi haka a bakin teku, a tsakiyar gari, ya fi tsada idan babu komai a kansa.

6.0 Gwagwarmayar Ceto

6.1 Kariyar Doka

A Ingila akwai rajistar gine-gine masu muhimmancin tarihi, wadda aka kasa daraja uku: ta ɗaya, da ta biyu mai tauraro, da ta biyu. Duk ginin da ya shiga ciki, laifi ne a rushe shi ko a sauya masa kama ba tare da izini ba. Cikin 2002, bisa buƙatar da wani masanin tsara birane mai suna Nick Laister ya gabatar, aka sanya Scenic Railway a daraja ta biyu. Shi ne abin hawa na dandalin wasa na farko da ya sami wannan kariya a ƙasar, kasancewarsa jirgin hawa-da-gangara mafi tsufa a Birtaniya. Da yake gadar tana shimfiɗe ne a tsakiyar filin, sai ta zame wa masu son gina kantuna ƙashin kifi a wuya.

Da labarin rufewa ya fito cikin 2003, Laister da wasu mutanen gari suka kafa ƙungiyar fafutukar ceto Dreamland, wadda daga bisani ta haifar da wata gidauniya. Cikin 2005 aka sayar da filin ga wani kamfanin gine-gine, bayan kakar 2006 kuma dandalin ya tsaya. Gidan silima ya bi sahu cikin 2007, bayan an buɗe wani sabo a rukunin kantunan Westwood Cross da ke wajen gari. Ranar 7 ga Afrilu, 2008, wasu suka cinna wa jirgin katakon wuta, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na gadar ya ƙone, tare da tasharsa da taragansa. Maimakon gobarar ta zama hujjar cire shi daga rajista, sai hukuma ta ƙara tsanantawa: an ɗaga darajar gidan silima zuwa ta biyu mai tauraro cikin 2008, ta jirgin kuma cikin 2011.

6.2 Sayen Tilas da Sake Buɗewa

Shawarar da gidauniyar ta kawo ita ce a mayar da wurin dandalin tsofaffin kayan wasa, a tattaro na'urorin da ake zubarwa daga wasu dandalan bakin teku da suke rufewa, kamar na Southport da Rhyl, a gyara su a kafa kewaye da jirgin katakon. Majalisar gundumar Thanet ta karɓi wannan shawara. Da aka kasa daidaitawa da masu filin, sai majalisar ta nemi ikon saye shi bisa tilas tare da biyan diyya. Gwamnati ta amince cikin 2012, masu filin suka garzaya kotu suka sha kaye, cikin 2013 fili ya dawo hannun hukuma.

An tara kimanin fam miliyan 18 daga asusun kayan tarihi na cacar ƙasa, da wani shiri na gwamnati na tallafa wa garuruwan bakin teku, da kuma aljihun majalisar. Aka ɗora wa kamfanin zane na Wayne Hemingway aikin tsara kamannin wurin. Wannan ya zo ne a lokacin da garin ya fara motsi ta wasu fuskoki, domin jirgin ƙasa mai sauri ya fara zuwa daga Landan cikin 2009, cikin 2011 kuma an buɗe gidan nuna zane-zane na Turner Contemporary, wanda aka sa wa sunan J. M. W. Turner, mai zanen da ya daɗe yana zama a garin. An buɗe Dreamland ranar 19 ga Yuni, 2015, amma jirgin katakon, wanda aka sake gina gadarsa da sabon katako, bai fara ɗaukar mutane ba sai cikin Oktoba, bayan kakar baƙi ta wuce.

6.3 Tuntuɓe da Sauyin Alƙibla

Rashin jirgin a kakar farko, da kuɗin shiga da mutane da yawa suka ga ya yi tsada, sun sa ciniki bai kai yadda aka zata ba. Cikin Mayun 2016, ƙasa da shekara ɗaya da buɗewa, bashi ya ci kamfanin Sands Heritage da aka ba haya, aka miƙa shi ga masu kula da kamfanonin da suka kasa biyan bashi. Wani kamfanin zuba jari mai suna Arrowgrass ne ya shigo da kimanin fam miliyan 25, aka sake fasalin wurin, aka buɗe shi a karo na biyu cikin Mayun 2017.

Babban abin da ya bambanta wannan buɗewa da ta farko shi ne dakalin mawaƙa da aka kafa a fili, inda dubban mutane za su tsaya su saurara. Cikin Yunin 2017 ƙungiyar Gorillaz ta gudanar da bikin kiɗa a wurin, daga nan kuma jerin wasannin mawaƙa ya zama abin da ake tallata kowace kaka da shi. An gyara zauren rawa na 1920, an kuma raɗa wa wani babban ɗakin taro na cikin dandalin tsohon sunan nan na Zauren Bakin Teku. Cikin 2019 majalisar Thanet ta amince ta sayar wa kamfanin da filin. A ƙarshen 2023 kuma mafi yawan hannun jarin ya koma ga wani reshe na Live Nation, kamfanin da sana'arsa ita ce shirya wasannin mawaƙa. Shi kuwa jirgin katako, an dakatar da shi cikin Agustan 2024 bayan wata matsala da ta auku a kan layinsa.

7.0 Me Aka Farfaɗo da Shi?

A Hausa, wanda ya suma shi ne yake farfaɗowa, kuma ana sa ran wanda ya tashi shi ne wanda ya faɗi. Idan aka auna Dreamland da wannan ma'auni, za a ga abubuwa uku.

Na farko ya shafi kayan gini. Gadar da aka buɗe cikin 2015 ba katakon 1920 ba ne, haka ma taraganta sababbi ne. Tun asali ma, katakon da yake shan iskar gishiri sai ana sauya shi kashi-kashi. Abin da doka ta kare shi ne siffar gadar. Amma rajista tana iya hana rushe gini, ba ta iya tilasta wa kowa ya ci gaba da ɗaukar fasinja a kansa, kuma kuɗin kula da irin wannan gada ba ya ƙarewa.

Na biyu ya shafi mallaka. Da kuɗin jama'a da ikon hukuma aka karɓe filin daga hannun 'yan kasuwa, cikin shekara shida kuma aka yanke shawarar mayar da shi ga wasu 'yan kasuwar. Masu goyon baya suna ganin ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin gyaran manyan gine-gine irin waɗannan, masu suka kuwa suna ganin jama'a ne suka ɗauki hatsari a lokacin da babu mai so, wasu suka zo suka girbe.

Na uku ya shafi amfani. Mafarkin masu fafutuka shi ne taskar tsofaffin kayan wasa masu aiki, amma kasuwa ta karkata wurin zuwa kiɗa. Ana iya kallon wannan a matsayin kauce wa manufa. Sai dai tarihin da aka zayyano a sama ya nuna cewa kiɗa da rawa sun girmi kowace na'ura a filin da shekara 13, sun kuma girmi jirgin katako da shekara 53. Abin da ya sauya shi ne masu zuwa da salon rawarsu: a da akawu da 'yar aikin kanti ne masu tikitin jirgin ƙasa na yini ɗaya, daga baya kuma masu sayen tikitin mawaƙi ta intanet watanni kafin ranar wasa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin Dreamland tun daga tashar jirgin ƙasa da ba a taɓa amfani da ita ba, zuwa zauren rawa na Spiers da Pond, da lambun Sanger, da dandalin Iles, har zuwa rufewarsa da sake buɗe shi cikin 2015 da 2017. An ga cewa ci gabansa da koma-bayansa duk sun bi sauye-sauyen sufuri da dokokin hutu da ɗanɗanon jama'a. An kuma ga cewa shigar da jirgin katako cikin rajista a 2002 ita ce ta hana a mayar da filin kantuna, amma ba ta isa ta ciyar da wurin ba, sai da aka koma ga tara jama'a domin kiɗa. Saboda haka duk mai niyyar ceto wani tsohon wurin taruwar jama'a yana da tambayoyi biyu da zai amsa tun kafin a fara aiki: wace doka ce za ta hana a rushe shi, kuma wace sana'a ce za ta biya kuɗin kula da shi bayan an gama bikin buɗewa.